Tsani a jikin dutse: hawa ne, ko hanya ce kawai?

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Maradi da Agye har ya kai Gazawa, ba zai ga dutsen da ya isa a ɗaga kai a dube shi ba. Ƙasa ce ta jigawa da fadama, ta hatsi da gujiya da aya. Abubuwan da suka fi kome tsawo a wannan yanki su ne kuka da gawo, da hasumiyar masallacin Juma'a, da shaton ruwa, da dogayen ƙarafan kamfanonin waya. Duk da haka, akwai wata gardama da masu hawan duwatsu ke yi yau fiye da shekara ɗari, wadda mutumin wannan yanki zai gane ta tun ba a gama yi masa bayani ba.

A ƙasashen da ke da manyan duwatsu, akan huda jikin dutse a kafa igiyar ƙarfe da matakai da tsani, domin wanda bai taɓa koyon hawa ba ya kai inda a da sai gwani. Wasu suna ganin wannan reshe ne na wasan hawan dutse, kuma ya cancanci a ba shi wurinsa. Wasu kuwa suna ganin ɓata dutse ne, da ɓata sunan wasan. A karkarar Maradi ana samun irin wannan a jikin tsofaffin kukoki, inda wani ya kafa turaku jere daga gindi har zuwa rassa. Shin wanda ya taka turakun ya kai sama, shi ma mahayin icce ne kamar wanda ya rungumi gawo da ƙirjinsa? Kuma idan turke ya karye da mutum, laifin wa?

Mece ce hanyar ƙarfe?

Italiyawa ne suka raɗa mata suna “via ferrata”, ma'ana hanyar ƙarfe. Ginshiƙinta igiyar ƙarfe ce mai kaurin ɗan yatsa, wadda ake ja tun daga gindin dutse har sama, ana ɗaure ta kowace ƴar tazara da ƙusoshin da aka dasa cikin dutsen. Inda bangon ya miƙe santsi babu wurin sa ƙafa, sai a dasa ƙarafa masu lanƙwasa su zama matakai, ko a kafa tsani. Inda akwai kwazazzabo kuma, a yi gadar igiya.

Mai bin hanyar yana sa hular kwano saboda tsakuwar da ke faɗowa, ya sha ɗamara a ƙugu da cinyoyi. A jikin ɗamarar akwai gajerun igiyoyi biyu, kowace da ƙugiya mai rufewa. Yana tafe yana jan ƙugiyoyin a kan igiyar ƙarfe. Idan ya iso wurin ƙusa, sai ya cire ɗaya ya maida ta gaba, sannan ya cire ta biyun. Dokar farko ita ce kada ƙugiyoyin biyu su taɓa zama a sake lokaci guda. Mutum mai lafiya, in ba ya jin jiri a sama, yana iya koyon wannan cikin safiya ɗaya.

Hawan dutse na asali daban yake. Mahayi yana neman tsaga da ƴan tudu a jikin dutsen ne da yatsunsa da ƙafafunsa. Igiyar da ke ɗaure da shi, wadda abokinsa ke riƙe da ita a ƙasa, ba ta ɗaga shi ko taƙi ɗaya, aikinta kawai ta tare shi idan ya suɓuce. A ƙa'idar wasan, wanda ya ja igiya ko ya taka ƙusa don ya ƙara gaba, ba a lissafa masa cewa ya hau wurin da ƙarfinsa. Ana shekaru ana koyonsa, kuma ya shiga wasannin Olamfik karon farko a birnin Tokyo, a shekara ta 2021. Akwai ma masu hawa babu igiya sam, kamar Ba'amurken nan Alex Honnold, wanda a 2017 ya hau bangon El Capitan mai tsawon kusan mita 900 cikin abin da bai kai awa huɗu ba.

Bambancin ke nan a taƙaice: ɗaya yana riƙe dutse, ɗaya yana riƙe ƙarfe.

Tsani ya girmi wasan

Masu raina hanyar ƙarfe sukan yi magana kamar baƙuwa ce ta jiya. Tarihi bai goyi bayansu ba. A shekara ta 1492, Sarkin Faransa Charles na Takwas ya umarci wani hafsansa mai suna Antoine de Ville ya hau dutsen Aiguille, wanda mutane ke cewa ba ya hawuwa. Da tsani da igiyoyi irin na yaƙin ganuwa suka kai samansa. Wannan hawan ne da yawa daga marubutan tarihi ke ɗauka a matsayin mafarin hawan duwatsu a Turai.

A 1843, wani masanin ƙasa, Friedrich Simony, ya sa aka kafa ƙarafa da igiya a dutsen Dachstein na Ostiriya, mai tsawon kusan mita 3,000. Amma abin da ya yaɗa hanyoyin ƙarfe shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1915, sojojin Italiya da na daular Ostiriya da Hangari sun fafata a tsaunukan Dolomite. Kowane ɓangare yana so ya kai mutane da abinci da bindigogi ƙololuwa, kuma yawancin sojojin manoma ne da ba su san hawa ba. Sai aka cika duwatsun da tsani da igiyoyi. Bayan yaƙi, ƙungiyoyin masu hawan tsaunuka suka gyara wasu daga cikinsu, suka sauya ruɓaɓɓen katako da ƙarfe, masu yawon buɗe ido suka fara bi.

A Faransa, an buɗe ta farko irin ta zamani a 1988, a ƙauyen Freissinières. Daga nan ƙananan garuruwan tsaunuka suka gane cewa hanya ce ta jawo baƙi a lokacin zafi, sa'ad da babu ƙanƙarar da ake wasa a kanta. Yau akwai su da yawa a Turai da Amurka da Asiya. A Afirka ma an kafa ɗaya a Dutsen Kenya a 2012, wadda ke kai mutum ƙololuwar Lenana, mita 4,985 sama da teku.

Abin da masu suka ke cewa

Gardamar ta fara zafi tun 1911, lokacin da wani matashin gwani ɗan Ostiriya, Paul Preuss, ya yi rubutu yana sukar masu buga ƙusa a dutse. A ganinsa, bai kamata mutum ya hau abin da ba zai iya saukowa daga kansa da ƙafafunsa ba. Ya rayu a kan wannan ra'ayi, ya kuma mutu a kansa: a 1913 ya faɗo daga wani dutse yana hawa shi kaɗai babu igiya, yana ɗan shekara 27. Har yau kowane ɓangare na kafa hujja da shi. Wasu na tuna jarumtakarsa, wasu na tuna yadda ya ƙare.

Rikici mafi suna ya faru ne a dutsen Cerro Torre, a kudancin Ajantina. A 1970 wani Ba'italiye, Cesare Maestri, ya ja injin huda dutse mai aiki da fetur har jikin bangon, ya dasa ƙusoshi kusan 400, ya bar injin a rataye a can. Shekaru da dama mutane suna bin ƙusoshinsa suna kai wa sama. A watan Janairu na 2012, matasa biyu, Hayden Kennedy da Jason Kruk, suka hau bangon ba tare da dogaro da layin ƙusoshin ba, da za su sauko suka cire fiye da 100. Da suka iso garin El Chaltén da ke gindin dutsen, jama'a suka fusata, har ƴan sanda suka tsare su na ɗan lokaci. Ga wasu, matasan sun wanke dutsen ne. Ga mutanen garin, baƙi ne suka zo suka rushe wani abu na tarihinsu ba tare da sun tambayi kowa ba.

Hujjar masu suka ba ta tsaya ga alfahari ba. Suna cewa ramin da aka huda a dutse ba ya toshewa, kuma bangon da aka yi wa tsani an ƙwace shi ke nan daga hannun yaron da za a haifa gobe, wanda wataƙila zai iya hawansa da hannu. Suna cewa hanya tana jawo taro, taro kuma yana kawo shara da hayaniya, ya kori tsuntsayen da ke sheƙa a kogunan dutse. Mafi nauyi, suna cewa ƙarfe yana kai mutum inda iliminsa bai kai ba. Gwani yana karanta hadari tun yana nesa, ya san lokacin juyawa. Baƙo kuwa yana ganin tunda akwai igiya, babu abin tsoro.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Su kuma suna tambaya: wa ya ba gwanaye dutse gado? Malamin makaranta mai shekara sittin, da yarinya mai shekara goma sha biyu, su ma suna da haƙƙin su ga duniya daga sama. Sun ƙara da cewa mutane da dama da suka zama gwanaye a kan hanyar ƙarfe suka fara cire tsoro. Hanya ɗaya da aka tsara, a cewarsu, ta fi a bar kowa yana tattake ciyawa yana buɗe tasa. Ga kuma abinci: ɗan jagora, da mai hayar ɗamara, da mai masauki, da mai sayar da shayi a gindin dutse, duk suna ci daga gare ta.

Suna kuma nuna cewa gwanayen ma ba su tsira daga tsani ba. A dutsen Everest, wanda ya fi kowane tsawo a duniya da mita 8,849, mutanen ƙabilar Sherpa na ƙasar Nepal ne ke shimfiɗa tsanukan alminiyam a kan ramukan ƙanƙara kowace shekara, su ja igiya kusan har ƙololuwa. A ɓangaren arewa, ƴan ƙasar Sin sun kafa tsani a wani tsayayyen bango tun 1975, kuma kusan duk mai hawa ta nan yana taka tsani a wurin. Wanda ya dawo gida ana yi masa kirari, sau da yawa a kan aikin wasu ya taka. Masu aikin ne kuma ke ɗaukar mafi yawan haɗarin: ranar 18 ga Afrilu 2014, ƙanƙara ta rufto ta kashe ƴan Nepal 16 suna kai kaya sama domin baƙi.

Yadda ƙasar Hausa ta raba su

Hausawa ba su rubuta wa hawa doka ba, amma sun daɗe suna rarrabe iri biyu. Akwai hawan buƙata, akwai hawan bajinta.

Kuka tana da jiki santsi, kuma ta fi ƙarfin a rungume ta. Ganyenta kuwa miya ce ta shekara, ƴaƴanta abin sayarwa, wani lokaci da zuma a cikin kogonta. Don haka ake feƙe icce mai tauri a buga a jikinta ɗaya bisa ɗaya, ko a sassara wurin sa ƙafa da gatari. Babu wanda ke cewa mai ɗiban kuka ya yi maguɗi. Ba suna ya je nema ba, miya ya je nema. Haka tsanin rumbu, wanda ake sassaƙa daga icce mai baki biyu. Haka kuma itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake ta a 1844: suna riƙe ginin, kuma magina na taka su idan za a yi yaɓe. Wannan tsani ne na dindindin a jikin bango, yau ɗaruruwan shekaru, kuma ba wanda ya ce ya ɓata hasumiyar.

A Kano, Dutsen Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ke hawa shi kaɗai ya gana da Tsumburbura, yanzu yana da matakalar siminti. Ƴan makaranta da tsofaffi da baƙi suna hawa su hangi birni har Gwauron Dutse. Wurin da a da mutum ɗaya ke da izinin taka shi ya zama na kowa, amma ba wanda ya sauko daga Dala ya ce shi jarumi ne. Alhazan da suka je Makka sun san irin wannan a Dutsen Nur, inda matakai ke kai mutum Kogon Hira. Ana hawa don a ga wurin, kuma malamai na tunatarwa cewa ba ya cikin ayyukan Hajji.

Hawan bajinta kuwa shi ne irin na dutsen Kwatarkwashi a Zamfara, inda a da samari ke hawa wurare masu wuya a bikin kamun maiki. Darajar abin tana cikin wuyarsa. Da an kafa tsani har bakin sheƙar maiki, da bikin ya mutu a ranar, ko da kowa ya dawo da tsuntsu a hannu. Makiyayin da ke ɗare gawo da rani don ya sassabo wa bisashe ganye yana tsakanin biyun: buƙata ce ta kai shi, amma yara na kallonsa da sha'awa domin ba kowa ke iyawa ba.

Masu son kokowa za su fi kowa gane wannan. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, abin da ke sa kaye ya zama kaye shi ne ƙa'idar fili. Wanda ya kada abokin karawarsa da taimakon wani, ya kai shi ƙasa kam, amma ba a ba shi takobi. Kai wa sama ma haka yake. Mutum biyu na iya tsayawa a ƙololuwa ɗaya, su sha iska ɗaya, alhali ba abu ɗaya suka yi ba. Matsala ba ta tasowa sai ɗaya ya ari sunan ɗayan.

Turawan ma a ƙarshe nan suka dosa. Ana auna wuyar hawan dutse da lambobi, wanda mafi tsanani a yanzu shi ne 9c, matakin da Adam Ondra ɗan ƙasar Cek ya fara kai wa a 2017. Hanyar ƙarfe kuwa ma'auninta daban ne, a Ostiriya da haruffa ake yi, daga A zuwa sama. Ƙungiyoyi ɗaya ne ke kula da su, kanti ɗaya ke sayar da kayansu, amma ba a haɗa sakamakonsu a littafi ɗaya.

Haɗarin da ido ba ya gani

Abin da ya fi muhimmanci ga mai karatu shi ne wannan: faɗuwa a hanyar ƙarfe ta fi muni a kan faɗuwar mai hawa da igiya, ko da yake ido na ganin akasin haka. Igiyar mahayi doguwa ce, kuma tana miƙewa kamar roba, sai ta shanye ƙarfin faɗuwar a hankali. A hanyar ƙarfe, igiyar ɗamara ba ta wuce mita ɗaya ba. Idan mutum ya suɓuce, ƙugiyarsa tana zamewa a kan igiyar ƙarfe har sai ta daki ƙusa ta ƙasa, wataƙila bayan mita uku ko biyar, sannan ta tsaya cak. Gajeriyar igiya ba ta da inda za ta kai wannan ƙarfi. Ko dai ta tsinke, ko ta karya bayan mai ita.

Shi ya sa kayan gaskiya ke ɗauke da wata ƴar jaka mai naɗaɗɗen ƙyalle da aka ɗinke ninki-ninki. Idan an faɗi, ɗinkin yana farkewa kaɗan-kaɗan, yana rage ƙarfin fizgar. Wanda ya farke sau ɗaya, jefar da shi ake yi. Igiyar guga ko ta ɗaure kaya ba ta maye gurbinsa, ko da sabuwa ce. Kayan kanti ma suna tsufa: a 2012 wani matashi ya mutu a Ostiriya bayan igiyoyinsa biyu sun tsinke, lamarin da ya sa kamfanoni suka janye kaya masu yawa daga kasuwa, aka kuma tsaurara ƙa'idar ƙera su a Turai.

Sai aradu. Igiyar ƙarfe da ta tashi daga ƙololuwa zuwa gindi hanya ce ga tsawa, kuma wanda hadari ya tarar a tsakiya ba shi da wurin gudu. Sai tsatsa, wadda ke cin ƙusa daga ciki, inda ido ba ya kai wa. A Turai, garin da ya kafa hanya shi ke da alhakin duba ta a kai a kai, ya rufe ta idan ta lalace.

A nan ne maganar ta dawo gida. Tsanin da ke jikin shaton ruwa da na ƙarafan kamfanonin waya, a Agye ko Tibiri ko Gazawa, hanyar ƙarfe ce ba tare da dutse ba. An yi shi ne don ma'aikacin da aka horar, mai ɗamara da ƙugiya. Ga yaro kuwa, gayyata ce. Katanga da ƙofa mai kwaɗo a gindin irin waɗannan wurare ba ado ba ne. Turken kuka ma haka: wanda ya buga shi bara ya san ƙarfinsa, wanda ya tarar da shi bana bai sani ba. Damina ta jiƙa shi, gara ta shiga, ɓawon kukar ya rufe rabinsa. Maɗora sun san ƙarshen labarin. Tsohon tsani ya fi rashin tsani haɗari, domin inda babu tsani mutum yakan tsaya ya yi tunani.

Dutsen na wane ne?

Akwai tambayar da gwanaye da masu yawon buɗe ido duka sukan manta. A tsakiyar Ostireliya akwai dutsen Uluru, mai tsawon mita 348, wanda ƴan asalin wurin, Anangu, ke girmamawa. A 1964 aka kafa sarƙa a jikinsa don baƙi su riƙa. Dubban mutane suka yi ta hawa, fiye da 30 suka mutu, masu wurin kuma suna ta roƙon a daina. An maida musu mallakar ƙasar a 1985, amma sai ranar 26 ga Oktoba 2019 aka rufe hawan, aka cire sarƙar. Shekara 55 ke nan ƙarfe yana jikin dutsen da masu shi ba su taɓa so a taka ba.

Nijar ba ta rasa wuraren da wannan tambaya za ta iya tasowa. Akwai tsaunukan Ayar, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, da zanen raƙuman dawa na Dabous da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce. Akwai manyan duwatsun da ke cikin Birnin Damagaram. A maƙwabta akwai Kufena a Zariya, da bangon Bandiagara a Mali, mai tsawon kusan kilomita 150, wanda kogunansa ke cike da kaburbura da rumbunan mutanen da, kuma yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1989. Rashin tsaro ya rage baƙi a yawancin waɗannan wurare, amma duk ranar da hanya ta buɗe, masu neman abin da zai jawo baƙi za su tuna da ƙarfe. Olumo a Abeokuta ya riga ya yi nisa, don har na'urar ɗaga mutane aka sa masa.

Mutanen Agye suna da abin koyarwa a nan. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, inda manoma suka maido da itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar barin tsiro da yi masa sassabe, abin bai tsaya ba sai da aka san mai kowane icce, aka kafa kwamitin gari mai sa ido a kan masu sara. Icce mai mai shi ne ke tsufa. Kukar da ta zama ta kowa, kowa na buga mata turke, ba mai cire ruɓaɓɓe.

Maƙwabta ne, ba tagwaye ba

To, hanyar ƙarfe tana da wuri kusa da hawan dutse? Tana da shi, kamar yadda matakalar Dala ke da wuri a ƙasar da ta san Kwatarkwashi, muddin kowace ta amsa sunanta. Wanda ya bi igiya ya kai sama ya yi abin kirki, ya ci tsoronsa, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ba ya buƙatar a kira shi gwanin hawa kafin hakan ya zama gaskiya. Gwani kuma ba ya rasa kome don wani ya bi tsani a dutsen da ke gefe.

Inda ake samun ɓarna shi ne a wurin kafawa. Kafin a huda dutse, ko a buga turke, ko a jingina tsani a bar shi, ya kamata a san ko masu wurin sun yarda, a san ko akwai abin da ƙarfen zai lalata wanda ba ya gyaruwa, kamar zane ko kabari ko sheƙar tsuntsu ko bangon da gwanaye ke hawa da hannu. Sannan a san sunan wanda zai dawo baɗi ya duba, da kuɗin da za a biya shi. Kafawa aikin mako ɗaya ne, kulawa kuwa ba ta ƙarewa. Magajin garin da ba shi da kuɗin fenti da canjin ƙusa a kasafinsa, gara ya bar dutsen yadda ya same shi. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.